Ƙwallo Ɗaya da Ya Hana Rabon Gado

Da sunan Mai Sama, wanda ya san adadin yashin da kuka tako, ya san adadin gashin raƙumanku, ƙidaya ba ta gajiyar da shi, rabo ba ya rikice masa. Ku sauke kaya, ya ku fatake, ku matso cikin inuwa. Ita kaɗai ce inuwa a duk faɗin ƙasar nan, kun kuwa taki sa'a kun same ta. Kun tambaye ni abin da ya zaunar da tsoho shi ɗaya a bakin rami, ba gari, ba maƙwabci, ba ko karen da zai yi masa haushi. To, ku ba ni kunnuwanku. Sai dai ku yi haƙuri da muryata, ta daɗe rabonta da mutum.

Sunana Cindo, ga dalilin nan a hannuna na dama, ku ƙirga da kanku. Shida ne, ba idonku ne ke yi muku gizo ba. An haife ni a wani ƙauye da ake kira Gangaren Kuka, can gabas mai nisa. Mu biyu iyayenmu suka bari, ni da yayana Nomau. Shi ƙato ne, in ya tsaya a bakin ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Ni kuwa ga ni nan yadda kuke gani, ko da ƙuruciyata in iska ta taso sai na nemi abin riƙewa. Shi ba abin da yake so a duniya irin ya tona ƙasa ya sa iri. Ni kuma lissafi ne ya shiga raina tun ina yaro, wataƙila don na fi kowa yatsu. Kome muka samu tare muke rabawa, ko gyaɗa ce ko aya, ɗaya naka, ɗaya nawa. In ɗaya ya yi saura sai ya turo mini da bayan hannu ya ce, “Ɗauki, kai ne ƙarami.”

Da muka binne mahaifinmu sai gida ya yi mana faɗi. Na ce zan shiga duniya in nemi ilimin hisabi wurin masu shi. Nomau ya ce, “Kai da ko tulu ba ka iya ɗauka? Tashi mu je, ni ma in samo irin da babu shi a garinmu.” Ya ɗaure kayanmu da ƙullin nan nasa mai kunne uku, wanda Baba ya koya masa, ni kuwa har yau hannuna ya ƙi iya shi. Muka kama hanyar yamma.

Mun ga abubuwa, wallahi mun gani. Mun ratsa ƙasar da rijiyoyinta ke ƙaura da rani, masu su na biye da guga a hannu. Mun wuce garin da ake sayar da barci a cikin ƙwarya, Nomau ya ce nasa ma ya yi masa yawa. Amma ba waɗannan ne suka zaunar da ni nan ba, bari in tsallake su in kai ku Birnin Raba-Daidai.

Birni ne babba mai unguwa goma sha ɗaya, amma ko itace ɗaya babu a cikinsa. Rana na dukan mutane tun fitowarta, iska kuma na kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ba ta tsayawa, ba ta juyawa. Bayan ganuwarsa ta yamma akwai wannan ramin da ke gabanku, Tsagar Duniya, wanda ya tashi daga teku ya ƙare a teku. Gajimare ya cike tsakiyarsa, ba a hango ƙetare.

Mun shiga da yunwa. Wata mata ta kawo mana fura dunƙule biyar, ta ba ni biyu, ta ba Nomau biyu, sai ta ɗauko tsintsiya za ta share na biyar cikin kwando. Nomau ya miƙa hannu. Ta ƙwalla ihu ta ce, “Kul! Baƙo, janye hannunka!” Sannan ta gaya mana dokar garin. Duk abin da aka raba ya yi saura, ba a taɓa shi da hannu. Da tsintsiya ake share shi, a kai bisa ganuwar yamma a ba iska. Wanda kuwa ya kuskura ya ɗauki saura da hannunsa, shi ma ya zama saura, sai a ɗaure shi jikin shimfiɗaɗɗiyar fata a sake shi cikin iskar. Ta ce, “Mara nauyi ta kan kai shi ƙetare. Mai jiki irin naka kuwa…” Ta nuna ƙasa da yatsa. Nomau ya ce, “Allah ya kyauta. Gari ba ko inuwa, ana zubar da fura.”

Ba mu gama suɗe hannu ba sai ga dogarai. Ashe akwai doka ta biyu da matar ba ta faɗa ba: duk baƙon da ya ci abincin birnin ya shiga Aikin Rabo. Suka tasa mu gaba zuwa wani fili a tsakiyar gari, inda muka iske tudu guda na ƙwallon dabino, ya ɗara soro tsawo. Kewaye da shi mutane ne birjik zaune a rana, kowa da tabarma gabansa, suna ɗauka suna ajewa, ɗaya nan, ɗaya can. Na ga tsofaffi masu furfura waɗanda da gani ba 'yan garin ba ne. Na gane ashe a nan baƙi ke tsufa.

Mai kula da aikin wata tsohuwa ce, Iya Tasalla, suna ce mata Uwar Rabo. Ta ce, “Wannan gadon kakanmu Wadau ne. Yashi ya cinye tsohuwar ƙasarmu, sai Wadau ya sa 'ya'yansa goma sha ɗaya suka taro irin dabinonmu, wanda ba ya ruɓa, ba ya ƙwari. Da zai cika ya ce a raba shi ba saura, sannan a shuka. Mun kasa shi kashi biyu, ɗaya ya yi saura. Uku, ɗaya ya yi saura. Haka har sha ɗaya, har sha biyu. A sha uku ma biyu suka rage. Yanzu mun shiga ɗaruruwa, muna nan muna nema. Wanda ya taɓa tulin nan ba ya fita birni sai ya rabu.”

Na ce, “Ranki ya daɗe, to a share ɗayan mana da tsintsiya, a huta.”

Ta zaro ido. “Gadon kaka da tsintsiya? Kul, kada in sake ji! Gado hannu ke ɗaukarsa.”

Na ce, “To nawa ne su duka?”

Ta ce, “Miliyan talatin da tara, da dubu ɗari tara da goma sha shida, da ɗari takwas da ɗaya. Yaron goye ma ya san wannan.”

Na ce ai ba sai an wahalar da bayin Allah ba, a ba ni wuri in zana a ƙasa in gwada. Sai duk suka kwashe da dariya. Wai rabon da aka yi da zane a ƙasa ba rabo ba ne, sai wanda hannu ya ɗauka ya aje. Kai, na ga taurin kai a duniya, amma na mutanen Raba-Daidai daban ne.

Aka duba hannuwanmu kafin a sa mu aiki. Na Nomau lafiya lau. Da aka zo kaina, dogarin ya yi tsalle da baya ya ce, “Iya, wannan hannunsa da saura!” Suka ce mai yatsu goma sha ɗaya ba zai taɓa gadonsu ba, kada ya shafa masa rashin sa'a, kamar da ma wata sa'a gare shi. Aka ce in fita ta ƙofar gabas. Iya Tasalla ta ce, “In da gaske kai mai lissafi ne, je ka nemo mana adadin da zai raba shi. Ka kawo, mu gwada da hannu, ka tafi da ɗan'uwanka.”

Nomau ya dafa kafaɗata ya ce, “Je ka, Cindo, kai ne mai kan lissafi. Ni ina nan. Ai iri ne, ko ba a bar ni na shuka ba na riƙa shafa shi.” Yana dariya ya faɗa, amma na san shi. Mutumin da bai taɓa ganin damina ta wuce shi ba gona ba, aka zaunar da shi bisa tabarma.

Tun da aka haife ni ban taɓa tafiya ni kaɗai ba sai ran nan. In na tsinci 'ya'yan itace a hanya sai in tarar na kasa su gida biyu ban sani ba. Ina tafe ina tambayar inda masu hisabi suke, kowa na nuna mini arewa, wai akwai wani Malam Barmo a bayan Kogin Tagwaye.

Kogin nan kwale-kwalensa siriri ne, mazauni biyu gare shi, dama da hagu, in gefe ɗaya ba kowa sai ya kife. Saboda haka masu fito ba sa ɗaukar mutum ɗaya. Na zauna a gaɓa ina jiran wani mara aboki irina. Mata da miji su zo su wuce, uba da ɗa su zo su wuce, har 'yan awaki bibbiyu ake ɗaukar su. Na zauna har masu fiton suka daina amsa gaisuwata. Da na ga zaman ba zai fisshe ni ba, sai na nemo wani dogon dutse mai kamar nauyina, na mirgino shi, na zura masa tsohuwar rigar Nomau da ke cikin kayana, na kafa masa hula.

Wani dattijon mai fito ya dube ni, ya dubi dutsen. Ya ce, “Abokin naka ba ya gaisuwa?”

Na ce, “Yayana ne, Baba. Ba ya son surutu.”

Bai yi dariya ba. Ya kama mini muka ɗora shi, ya ce, “Ku zauna da kyau.” Allah ya saka wa wannan bawa nasa da alheri. Abin kunya, muna tsakiyar ruwa sai na ji ni ina ba dutsen nan labarin duk abin da na gani tun rabuwarmu. Da muka sauka na tuɓe masa rigar na bar shi a gaɓa, sai na ji kamar sau biyu ke nan ina tafiya in bar Nomau. Na yi kuka a wurin, ba zan ɓoye muku ba.

Malam Barmo na zaune ne a kan wani faƙo inda iska ba ta kaɗawa sam. Duk iyakar ganin ido ƙasar zane ne, layi bayan layi, sai da na riƙa ɗaga ƙafa kamar mai tsallake shuka. Na iske shi a tsugune da tsinke a hannu, tsoho tukuf, gemu har cibiya. Na yi sallama, ya daɗe yana dubana kafin ya tuna yadda ake amsawa. Da na faɗi adadin da ya kawo ni, sai ya ƙarasa mini ƙarshensa tun ban rufe baki ba. Ashe ɗan Raba-Daidai ne, ya gudo tun bai isa taɓa tulin ba, don a can ba a yarda da zane.

Ya ce, “Sun gaya maka yadda aka tara shi?”

Na ce, “A'a, Allah gafarta Malam.”

Ya ce, “Sun sani, suna rera shi a waƙar biki, ba su dai taɓa sauraron abin da suke rerawa ba. Ɗan fari ya kawo ƙwallo ɗaya. Na biyu ya ninka shi biyu. Na uku ya ninka abin da ya tarar sau uku, na huɗu sau huɗu, haka har na goma sha ɗaya. Sannan tsoho Wadau, yana kwance yana jiran sa'i, ya tofo ƙwallon dabinon da ke bakinsa ya ce a ɗora a kai. Ɗebo tsakuwa in nuna maka.”

Na ɗebo. Muka aje ɗaya, muka mai da ita biyu, muka ninka sau uku ta zama shida, muka ninka sau huɗu ta zama ashirin da huɗu. Ya ce, “Wannan tulin da biyu da uku da huɗu aka gina shi, don haka dole kowannensu ya raba shi. Yanzu ɗora ta tsoho.” Na ɗora ɗaya. Na kasa biyu, ɗaya ta rage. Na kasa uku, ɗaya. Huɗu ma ɗaya. Ya ce, “Ka ga abin da ke cin mutanenmu. Duk adadin da aka gina tulin da shi, wannan ɗayan zai tsaya masa a wuya.”

Ina duban tsakuwar nan sai na yi zumbur na miƙe. Na ce, “Malam, ai ashirin da biyar ce, biyar ta raba ta! Ashe shi ma babban yana da tasa biyar ɗin, tana can gaba, nemo ta kawai za a yi!”

Ya yi murmushin da ban so ba. Ya ce, “Haka na ce lokacin da gemuna ke baƙi. Zauna, ɗana. Duk adadin da ke rabuwa, abokai biyu ne suka haɗu suka yi shi, ƙarami da babba, kamar uku da biyar a sha biyar. In ka nemi ƙaramin ka rasa, to babban ma babu shi. A wannan tuli ƙaramin ba zai wuce dubu shida da ɗari uku da 'yan kai ba, don in ka ninka wannan da kansa ya riga ya cim ma tulin.” Ya ɗaga tsinkensa ya nuna faƙon nan daga gabas har yamma. “Ga su nan, na bi su duka. Na koma na sake bi don kada in zalunci wani. Ko ɗaya bai raba shi ba. Adadin nan ba shi da aboki a duniya. Ko dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a tara mutane yawan ƙwallayen kowa ya ɗauki ɗaya. Ban da haka, su yi ta rabo har tashin kiyama.”

Na ce, “Yayana fa, Malam? Can zai tsufa ya mutu bisa tabarma?”

Ya dubi tsakuwar da ke gabanmu. Can ya sa tsinke ya ture tsakuwa ɗaya gefe, ya bar ashirin da huɗu. Ya ce, “In ɗayan ya fita, gidaje goma sha ɗayan nan za su raba shi sumul. Amma tsintsiya ba ta taɓa gado, ka kuwa san hukuncin hannun da ya ɗauki saura.”

Na ce, “To me ya hana ka komawa ka gaya musu?”

Ya ce, “Wanda ya kai wannan magana, shi za a zuba wa ido. Ni kuwa zane na iya.” Ya sunkuyar da kai. “Na rasa gane tsohon nan Wadau. Ko ba ya so 'ya'yansa su rabu ne, ko kuwa jira yake ya ga wanda zai miƙa hannu. Allah kaɗai ya sani.”

Na yi masa sallama. Ya raka ni har bakin faƙon, yana ta jan hira da tambayoyin da ba su da kai, don dai kada in tafi da wuri. A gaɓar kogi na iske Yayana na dutse inda na bar shi, na sake sa masa riga muka ƙetare tare. A wannan karon ban ce masa kome ba, don abin da ke raina ba na faɗa wa Nomau ba ne, ko da na dutse.

Da na shiga Raba-Daidai da ƙyar na gane shi. Ƙashin na nan, faɗin kafaɗar na nan, amma baya ya fara lanƙwasa, furfura ta tsiro, kan yatsunsa ya suɗe sumul. Ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Ya ce, “Ka samo?” Na ce, “Na samo, Yaya.”

Na je gaban Iya Tasalla na ce, “Ranki ya daɗe, a kasa shi goma sha ɗaya, kowane gida da kasonsa.”

Ta ce, “Wannan ne abin da ka yi shekaru kana nema? Tun kakannin kakanninmu aka gwada.”

Na ce, “A sake. In an ƙare kika ga saura a tabarma, ki yi mini duk abin da kika ga dama.”

Ta yarda, ina jin don ta ga ƙarshen rashin kunyata. Aka rushe rabon da ake ciki aka faro sabo. Watanni suka shuɗe, ni ina zaune a gefe tun da ba a yarda in taɓa ba, ina kallon tudun nan yana raguwa, goma sha ɗaya na tashi kewaye da shi. Da yamma in an tashi aiki mukan zauna da Nomau, yana ta lissafa mini abin da zai shuka in mun koma gida, har da inda zai haƙa sabuwar rijiya. Ni dai sai in ce, “Allah ya nuna mana.” Ban taɓa jin kaɗaici irin na zaman nan ba, ga shi kuwa kafaɗata na gogar tasa.

Ranar da aka ƙare, da hantsi ne, duk birni ya taru. Aka ɗauki zagayen ƙarshe, kowane gida ya karɓi nasa. Sai ga shi nan a tsakiyar tabarma, ƙwallo ɗaya, ƙanƙane, baƙi, bai kai gaɓar yatsa ba. Jama'a suka yi ajiyar zuciya irin ta waɗanda suka saba. Iya Tasalla ta juyo za ta yi magana. Ni kuwa na riga na taka, na sunkuya, na ɗauke shi da hannun nan mai shida.

Na ce, “Iya, dubi tabarma. Akwai saura?”

Ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, “Babu.”

Sai na ji ƙarar Nomau. Ya watsar da dogarai kamar buhunan ƙaiƙayi, ya damƙi hannuna yana ƙoƙarin buɗe shi. “Ba ni! Ba ni nan, mahaukaci! Iya, ni na ɗauka, ku shaida ni na ɗauka!” Tsohuwar ta ce hannu ɗaya ne ya ɗauka, kowa kuma ya gani. Na ce, “Yaya, iskar ba za ta kai ka ba, ka fi ƙarfinta. Ban da haka ma, kai da bakinka kake cewa in ɗaya ya yi saura nawa ne. Ni ne ƙarami.”

Ya sake ni. Ya zauna a ƙasa daɓas, ƙaton mutum, ya rufe fuska da hannuwa. A bayansa kuwa guɗa ta kaure, tsofaffin baƙi na jefar da tabarmi, mata na cika zannuwa da iri. Ba wanda ya hana su murna, ni ma ban ga laifinsu ba.

Da aka kai ni bisa ganuwa, Nomau ya ture dogarai ya ce ba mai ɗaure ƙanensa sai shi. Ya ɗaure ni jikin fatar da ƙullinsa mai kunne uku, yana ja yana gwadawa. Bai yi mini faɗa ba, sai ya shiga koya mini shuka. “Ka jiƙa shi tukuna. Ka kwantar da shi, kada ka tsayar, zurfin yatsa ya isa. Kada ka cika masa ruwa, kai na san ka da azarɓaɓi. In namiji ya fito ka samu inuwa. In mace ce, ba za ta haihu ba sai an kaɗa mata furen namiji.” Na ce, “Yaya, rantse ba za ka biyo ni ba, kuma za ka koma gida kada ɗakin Baba ya rushe.” Ya rantse da Allah ba zai biyo ni ba. Zancen komawa gida kuwa, sai daga baya na tuna bai ce kome a kai ba.

Aka sake ni. Kada ku tambaye ni abin da ke cikin gajimaren nan, idona a rufe yake, bakina na salati. Na dai faɗo can gindin wancan tudu, cikin tarkacen duk abin da birnin ya taɓa zubarwa, busasshiyar fura, takalmi wari ɗaya, da ƙasusuwan waɗanda suka riga ni. Na yi ta kira ko da mai rai, ba wanda ya amsa. Na juya gabas na kira Nomau har muryata ta dushe, iskar na maido mini da ita cikin baki.

Na sami ɗan idon ruwan nan da kuka shayar da raƙumanku, na shuka ƙwallon yadda aka koya mini. Ya tsiro. Shi na riƙa yi wa hira, shi nake gaya wa in na yi mafarki. Da ya girma ya yi fure sai na ga mace ce. Kowace shekara ta yi fure, 'ya'yan su fito ƙanana, su bushe, su zube ba kome a ciki. Nakan share su in ce mata, “Yi haƙuri, ni da ke duk ɗaya ne.” Fatake irinku sun sha biyowa ta yamma su ce in bi su. Sau da yawa na ɗaura kaya, sai in kasa. Ina ganin ko ba kome nan ne wuri mafi kusa da inda na bar shi, ko da yake a zatona ya daɗe da komawa Gangaren Kuka.

Wata safiya, gemuna ya riga ya yi fari, na fito zan ɗebi ruwa sai na hangi wani abu ya maƙale a ƙaya yana kaɗawa. 'Yar fata ce, ba ta fi tafin hannu biyu ba, an ɗaura mata wani abu a ƙasa. Na ɗauko. Furen dabino ne, namiji, ɗanye, garinsa na zuba a hannuna. Na juya shi in kwance, sai na ga ƙullin. Kunne uku.

Jama'a, ban san lokacin da na durƙusa ba. Ashe bai koma ba. Ashe yana nan ƙetaren ramin nan, ya shuka dabino, ya jira ya girma, yana yanko fure yana ba iska. Bai san ko na kai ba, bai san ko ƙwallon ya tsiro ba, bai san ko mace ce ba. Ramin nan kuwa kun ga faɗinsa. Ni mai lissafi ne, amma na ƙi in lissafa nawa ya jefa suka faɗa ciki kafin wannan ya iso.

Na hau da tsufana na kaɗa mata furen. A shekarar ta yi nonon dabino har reshe na lanƙwasa. Tun daga nan wata shekara fure ya iso, wata shekara shiru, in kwana ina tunanin ko ciwo yake, ko ya riga ni. Sai wata shekarar in sake tsintar ƙullin. Ba ni da hanyar da zan ce masa ya iso, iskar ba ta juyawa. Shi dai yana jefowa.

Don haka kada ku ɓata bakinku, na gode, ba zan bi ku ba. Lokacin fure ya kusa, in ya iso ba kowa a nan, wa zai hau? Ga dabinon bana nan, da kaina na raba shi, ɗaya naka, ɗaya nawa, ya kuwa rabu daidai ba saura. Ku matso ku sa hannu, wannan tulin nawa ne, ku ci har ku yi guzuri. Wancan kuwa kada ku taɓa, na Yaya ne.